Kwikwiyon karen farauta mai aiki da yawa: ka horar da kanka, ka shiga ƙungiya, ka kai wa ƙwararre, ko ka sayi wanda aka fara?

Duk wanda ya ajiye kuɗin kwikwiyo daga jinsin karnukan farauta irin su Deutsch Drahthaar ko Kurzhaar ko Pudelpointer ko Vizsla, tun kafin a miƙo masa shi tambaya ɗaya ce take cin ransa, wa zai horar da karen nan. Wani yace ai kare naka ne kai zaka yi abinka, wani yace kar ka ɓata jini mai kyau da hannunka ka tura wa masu sana'ar, wani kuma yace me ma ya kai ka sayen kwikwiyo alhali akwai wanda aka riga aka fara horarwa kawai ka biya ka ɗauka. Hanyoyin huɗu ne in ka haɗa da shiga ƙungiyar masu irin karnukan. Ni dai ina da wacce na fi so kuma bazan ɓoye ba, amma ba kowa ne zata yi wa daidai ba, shi yasa gara mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Sai ka fara sanin irin karen da ke hannunka tukuna, don a nan mutane da yawa suke zamewa. Yawancin waɗannan karnukan an samar da su ne a Turai, musamman Jamus, bayan 1848 lokacin da farauta ta daina zama ta sarakuna da masu gandu kaɗai. Talaka ko matsakaicin mutum bazai iya ciyar da karnuka huɗu ba, ɗaya na nuna tsuntsu, ɗaya na ɗaukowa, ɗaya na bin sawu, ɗaya na ruwa, sai aka nemi kare ɗaya da zai yi duka. Ya zaga fili da hanci, in ya ji ƙanshin tsuntsu ya tsaya cak ya nuna, in an harba ya ɗauko ya kawo hannu, ya shiga ruwa ya fito da agwagwa, ya bi sawun zomo ko sawun jinin dabbar da aka raunata. Ƙungiyar JGHV da aka kafa a Jamus a 1899 ita ke tsara jarrabawar irin waɗannan karnukan, a Amurka da Kanada kuma NAVHDA ce tun 1969. Abin da yasa na kawo wannan shi ne, duk hanyar da zaka bi dole ka tambayi kanka, shin zata taɓa fili da ruwa da sawu duka ukun, ko rabi zata baka.

Abubuwan da za mu auna da su

Na farko kuɗi, ba wanda zaka biya rana ɗaya ba, har da wanda zai dinga zuba a hankali ba ka sani ba. Na biyu ɗorewa, wato horon zai zauna a jikin karen ko bayan wata biyu zai zube. Na uku sauƙi, lokacin da zai ci maka da kayan da dole ka nema. Na huɗu haɗari, yadda hanyar take iya lalata kare lalacewar da gyaranta ke da wuya. Na biyar kuma wanda ba a cika faɗa ba, wa ke tare da kwikwiyon a lokacin da ƙwaƙwalwarsa take buɗe.

Wannan na biyar ɗin shi ya fi nauyi a wajena. Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka shafe shekaru suna yi a jihar Maine ta Amurka, wanda suka fitar a 1965, ya nuna daga wajen sati 3 zuwa sati 12 ne kwikwiyo yake koyon waye nasa, mene ne abin tsoro mene ne ba abin tsoro ba. Kai kuma sai ya cika sati 8 ake baka shi, a Jamus ma doka ce ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8. Kaga kenan 'yan makonni kaɗan ne suka rage maka a wannan tagar, kuma babu wani ƙwararre a duniya da zai dawo maka da su in sun wuce. Daga wata 4 zuwa 6 haƙoran nono 28 suna zubewa na manya 42 suna fitowa, bakin yana ciwo, lokacin ba na matsa masa da ɗauko abu bane. Ƙasusuwa kuma basa gama rufewa sai tsakanin shekara ɗaya zuwa wata 18, don haka gudun dole a bayan keke ko tsalle-tsalle masu yawa sai daga baya. Duk wannan jadawalin haka yake ko a hannun wa karen yake.

Hanya ta farko: ka yi da kanka

Mutane suna jin tsoron wannan ne saboda suna zaton horo yana nufin umarni, zauna, tsaya, kwanta. Alhali a watannin farko aikin da ya fi yawa shi ne ka nuna masa duniya ka yi shiru. Ka fita da shi fili inda babu mota, ka kwance igiya, ka yi tafiyarka. Zai bi malam-buɗe-littafi, zai cusa hanci a rami, zai makale a ciyawa ya yi kuka, ka bar shi ya fito da kansa. In ya yi nisa kar ka yi ta kwala masa kira, juya ka canza hanya kawai, zai ɗago kai yaga baka nan ya rugo da gudu, daga nan ya fara koyon cewa shi ne zai dinga lura da inda kake. Wannan haɗin kan shi alƙalan jarrabawa suke nema daga baya kuma ba a sayar da shi.

A gida abubuwa kaɗan ne, ya san sunansa, ya zo in an kira, ya saba da keji da mota, ya yarda a duba masa baki da kunne da tafin ƙafa. Ɗauko abu kuma a lungu mai hanya ɗaya ake farawa, ka jefa safa da aka ƙulle ko 'yar ƙaramar roba sau biyu ko uku, ka tsaya tun yana so. Kar ka fizge daga bakinsa, kar a yi ja-in-ja da abin da kake so ya kawo maka. Ruwa kuma a rana mai ɗumi, bakin da ba zurfi, kai ka shiga ya biyo ka, ko ya bi wani babban kare mai son ruwa. Jefa kwikwiyo a ruwa wai ya koya, wallahi kare da yawa sun ƙi ruwa har tsufansu saboda wannan. Sawu kuwa shi ya fi sauƙin farawa, ka ja ɗan nama ko mataccen tsuntsu a ciyawa taku goma sha wani abu, iska tana bayanku don ya sa hanci a ƙasa, ka ajiye kwikwiyon a farkon layin kaga ikon Allah.

Akwai wasan nan na ɗaure fiffike a igiyar sandar kamun kifi ana wurgawa gaban kwikwiyo har ya tsaya ya nuna. Yana da daɗin hoto, yi sau ɗaya ko biyu ka ajiye. Da ido yake nunawa a nan, kai kuma hanci kake so ya yi aiki.

Ranar da ya fara tsayawa a kan tantabara ta gaske ba sai an faɗa maka ba. Yana cikin guje-gujensa sai kaga kamar ya ci karo da bango, wutsiya ta sandare, ƙafa ɗaya a sama, hancin yana rawa, sai daƙiƙa biyu ko uku ya kasa haƙuri ya afka, tantabara ta tashi ya bi ta har ya gaji. Kar kace komai. Tsuntsun da ya kasa kamawa shi ke koya masa tsayawa, duk lokacin da ya afka ya rasa, gobe zai ƙara daƙiƙa. Matsalar tana zuwa ne in tsuntsayen da kake amfani da su ragwaye ne basa tashi da ƙarfi, ya kama ɗaya ya kama biyu, shikenan ya gane ai ba sai ya jira ka ba.

Kuɗi a takarda wannan ce mafi arha, amma kar a yaudare ka. Doguwar igiya, robobin ɗaukowa, bindigar da ke ƙara kawai ba dalma, akwatin da ke cilla tsuntsu sama, ɗakin tantabaru da abincinsu, man mota zuwa fili da bakin ruwa, duk suna taruwa. Ɗorewa kam tana da ƙarfi sosai, don wanda ya koyar shi zai yi farauta da karen, muryarku ɗaya, kuma in abu ya fara zamewa ka san yadda aka gina shi zaka iya komawa baya ka gyara. Sauƙi babu. Minti goma zuwa sha biyar ne kawai a rana amma kullum ne, kuma wasu abubuwan mutum ɗaya baya iya su, bazaka riƙe igiya ka saki tsuntsu ka kuma harba bindiga daga nesa duk kai kaɗai ba.

Haɗarin kuma yana wajen bindiga. Tsoron ƙarar bindiga sau da yawa mutum ne ke jawo shi, kuma shi ne ciwon da ya fi wuyar magani a karen farauta. Yadda ake yi, sai kwikwiyon ya haukace da son tsuntsu tukuna, yana bin wanda ya tashi da dukkan ƙarfinsa, sannan wani da ke tsaye nesa, kamar taku ɗari, ya harba ƙaramar bindigar ƙara sau ɗaya. Idonka na kan karen. In bai ko juyo ba, madalla, wani zuwan a matso kaɗan. In ya tsaya ya sauke wutsiya ko ya dawo gindinka, kar ka lallashe shi kar ka yi faɗa, a ajiye bindiga a koma tsuntsu zalla na wasu makonni. A hankali ake matsowa ana ƙara girman bindiga har a kai ta farauta. Masu kai kwikwiyo filin koyon harbi wai ya saba, ko su harba a kansa don su gwada ko yana tsoro, su ne suke samar da tsoron da suke gwadawa. Wani haɗarin shi ne yawan gyara a gaban tsuntsu, tsawa, fizgar igiya, har kare ya ɗauka tsuntsun ne ke jawo masa wahala, sai ya ji ƙanshi ya kauce kamar bai ji ba. Wannan ma gyaransa aiki ne ja.

Hanya ta biyu: kai da ƙungiya

Gaskiya wannan ba kishiyar ta farko bace, ita ce ta farko da aka toshe mata ɓaraka. Karen yana gidanka, kai ke yin aikin kullum, amma ƙarshen mako kana zuwa ranar horo ta reshen ƙungiya. NAVHDA tana da rassa a faɗin Amurka da Kanada, a Jamus kuma ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin JGHV da na mafarauta suna shirya kwasa-kwasan share fagen jarrabawa. Abin da kake samu shi ne duk abin da ya gagare ka kai kaɗai, fili, ruwa, tsuntsaye, akwatunan cillawa, wanda zai riƙe bindiga a nesa, da kuma idon mutanen da suka ga kwiyakwiyai da yawa sun san bambancin wanda ke jin tsoro da wanda kawai bai gane ba tukuna.

Sannan ga jarrabawar ƙuruciya, wacce nake ganin ko ba ka damu da takarda ba tana da amfani don tana tilasta maka taɓa duka ɓangarorin. A tsarin NAVHDA kare yana shiga jarrabawar baiwar da aka haife shi da ita har zuwa wata 16. Ana duba abu bakwai, hanci, zagayen nema, nunawa, bin sawu, ruwa, son aiki da haɗin kai, makin ƙoli 112. Za a sake shi a fili kamar minti 20, a harba bindigar ƙara sau biyu aga yadda zai yi, a sa shi bin sawun tsuntsun da aka cire wa gashin fiffike ya gudu a ƙasa, sannan ya yi iyo sau biyu. Har haƙora da ido da gashin jiki ake dubawa. A Jamus ta farko ita ce VJP da ake yi a farkon shekara bayan sanyi ya wuce, inda bin sawun zomo yake da babban matsayi, sai HZP a kaka da ta haɗa da ruwa da ɗaukowa, sai VGP ta manyan karnuka da ake kwana biyu ana yi. Lura da kyau, a jarrabawar farko ba a neman kare ya tsaya har a harba har tsuntsu ya faɗi. Su kansu masu tsarin sun san wannan aikin shekara ta biyu ne, to kai me kake gaggawa.

Kuɗinta matsakaici ne, kuɗin zama ɗan ƙungiya, kuɗin tsuntsayen da ka yi amfani da su, kuɗin jarrabawa, da mai in wajen da nisa. Ɗorewa daidai da ta farko. Sauƙi ya danganta da inda kake zaune, in reshe mafi kusa tafiyar rabin yini ne to lissafin ya canza.

Ita ma tana da nata ciwon kai fa. Malamai sun yi yawa. Kana tsaye da kwikwiyonka mutum biyar zasu baka shawara biyar, kowa da tabbaci, wannan yace sa masa igiya wancan yace cire, in ka biye wa kowa karen ne zai ruɗe. Zaɓi mutum ɗaya, ba wanda ya fi surutu ba, wanda karensa yake aiki da fara'a wutsiya na kaɗawa, ka bi shi. Sai wani abu da sababbi basa lura, ka bar kwikwiyo a keji cikin mota kusa da inda ake harba wa manyan karnuka bindiga, shi kaɗai, ba tsuntsu ba komai sai ƙara. Ajiye motar nesa. Kuma kafin ya gama alluransa, waɗanda ake kammalawa wajen sati 16, kar ka sauke shi inda karnuka da yawa suke kashi saboda cutar parvo mai kashe kwiyakwiyai, wannan ka yi magana da likitan dabbobi ya faɗa maka inda ya dace.

Hanya ta uku: ka kai wa ƙwararre

Masu sana'ar sun iya, wannan ba musu. Suna da tsuntsaye kullum, suna da fili, hannunsu ya san lokacin gyara da lokacin ƙyalewa, abin da zai ɗauke ka wata uku kana lalube su sun gani a kallo ɗaya. Amma yawancinsu basa karɓar kare don horo na sosai sai ya kai wajen wata shida ko fiye, wato tagar nan ta farko dai tana hannunka ko ka so ko ka ƙi. Wanda ya ajiye kwikwiyo a bayan gida wata shida yana cewa ai zan kai shi makaranta, ya riga ya yi asarar da makarantar bazata biya ba.

Kuɗi ita ce mai tsada a cikin ukun farko, wata-wata ake biya, kuma wata ɗaya baya isa komai, sati biyun farko ma karen yana sabawa da waje ne. Sau da yawa kuɗin tsuntsaye daban. Sauƙi kam ta fi kowacce, ka kai ka dawo. Ɗorewa ce matsalarta. Kare ba mota bane da za a gyara a baka makulli, ya koyi aiki da muryar wani da tsayuwar wani da lokacin wani, in ya dawo gida yaga kai kana faɗin umarni sau huɗu baka tabbatar da ko ɗaya ba, cikin 'yan makonni zai koma yadda yake so. Mai horarwa na gari zai nace sai ka dinga zuwa ana koya maka kai ma, in ka ji yace ba sai ka zo ba sai ranar ɗauka, ka yi tunani.

Haɗarin kala biyu ne. Na farko baka ganin abin da ake yi, kuma mutumin da aka biya na wata biyu yana da matsin ya nuna sakamako a wata biyu ko karen ya shirya ko bai shirya ba. A nan ne ake saurin kai hannu ga abin wuyan nan mai lantarki. A Amurka ana amfani da shi sosai kuma a hannun wanda ya iya, kan karen da ya riga ya san umarnin, kayan aiki ne kamar sauran, amma a wuyan kwikwiyon da bai gane me ake so ba ɓarna ce zalla. A Jamus kotu ta haramta shi tun 2006, Wales ma ta hana a 2010, don haka ka san dokar inda kake. Na biyu, ba kowane mai horar da karen tsuntsu ne ya san kare mai aiki da yawa ba. Wanda ya saba da karnukan gasa masu gudu nesa zai iya hana naka sa hanci a ƙasa ko kula zomo, don a wajensa laifi ne, a wajenka kuma rabin dalilin sayen karen kenan. Wanda ya saba da karnukan ɗauko agwagwa zai baka biyayya mai kyau amma nunawa da zagaye su raunana.

Kafin ka bar karenka ka je ka gani da idonka. Ka duba tsaftar kejin, ka nemi ya fito da karnuka biyu uku da yake horarwa, ba nasa na nuni ba. In suna fitowa da murna suna jan igiya zuwa fili, alama ce. In suna rarrafe suna lasar baki suna kallon hannunsa, ɗauki naka ku tafi. Ka tambaye shi karnuka nawa ne a hannunsa, sau nawa naka zai ga tsuntsu a sati, yaya yake gabatar da bindiga, ya taɓa kai kare jarrabawar masu aiki da yawa ko bai taɓa ba.

Inda ƙwararre yake cin kuɗinsa da gaske a ganina shi ne aiki ɗaya takamaimai bayan kare ya girma, kamar horon ɗaukowa na dole (wato ya ɗauko bisa umarni ko yana so ko baya so) da ake yi bayan haƙora sun gama fitowa, da yawa ma sai bayan kakar farauta ta farko, ko tsayar da kare ya daina bin tsuntsu in ya tashi, ko gyaran wanda ya fara tsoron bindiga.

Hanya ta huɗu: ka sayi wanda aka fara

Wannan bazan daɗe a kanta ba. Kare ne mai kamar shekara ɗaya zuwa biyu, ya ga tsuntsu, ya ji bindiga, yana zuwa in an kira. Kuɗinsa a tashi ɗaya ya fi na kwikwiyo nesa ba kusa ba, sai dai in ka lissafa abinci da allura da horon shekara guda ratar tana raguwa. Babbar fa'idarsa kana ganin abin da kake saya, kwikwiyo kuwa ko iyayensa zakaru ne akwai sa'a a ciki. Matsalar ita ce "an fara" ba ta da ma'auni, kowa da abin da yake nufi. Kar ka saya da bidiyo. A fita da shi fili a gabanka, a harba, a kai shi ruwa, a ja masa sawu, ka nemi takardar jarrabawa in akwai da hoton asibiti da ke nuna lafiyar ƙashin ƙugunsa, sannan ka tambaya kai tsaye me yasa ake sayar da shi. Wani dalilin mai kyau ne, bai kai gudun gasa ba amma ya ishi mafarauci. Wani kuma ana ɓoye taunar tsuntsu ne ko faɗa da karnuka. In a keji ya tashi bai taɓa zama cikin gida ba, wannan ma sabon aiki ne.

Ga su a jere:

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewar horo | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Da kanka | Kaɗan, amma yana zuba a hankali | Mai ƙarfi | Wahala, kullum ne | Tsoron bindiga, ƙarancin tsuntsu |
| Kai da ƙungiya | Matsakaici | Mai ƙarfi | Ya danganta da nisa | Shawara barkatai, ƙarar harbi kusa |
| Ƙwararre | Mai yawa, wata-wata | Sai in kai ma ka koya | Mai sauƙi | Gaggawa, horon rabi |
| Wanda aka fara | Mai yawa a tashi ɗaya | Matsakaici | Mai sauƙi | Ɓoyayyen aibi |

To wacce ce taka

In wannan ne karenka na farko kuma akwai reshen ƙungiya da zaka iya kaiwa ko sau biyu a wata, kar ka tsaya dogon tunani, ta biyu ce taka. Ka riƙe kwikwiyon a gida, ka yi ta yawo da shi, ka bar bindiga sai ranar da akwai mai taimako, ka yi rajistar jarrabawar ƙuruciya da wuri don gurbi yana cika.

In ka taɓa horar da kare, kana da fili da ruwa kusa kuma inda kake akwai tsuntsayen daji, kai kaɗai ma ka isa, tsuntsun daji ya fi duk wani na keji iya koyarwa. Mutum ɗaya kawai zaka nema ranar bindiga.

In aikinka na tafiye-tafiye ne amma akwai mutane a gida da zasu kula da shi, raba aikin biyu. Watanni shida zuwa takwas na farko a gida, yawo da ruwa da wasan ɗaukowa, sannan ya tafi wajen ƙwararren da ka je ka gani da idonka, kuma ka ware ranakun da zaka dinga zuwa ana koya maka riƙe shi. In ko babu mai kula da shi a gida sam, kar ka sayi kwikwiyo bana.

In kakar farauta ta kusa kuma kana son kare a fili wannan shekarar, ko shekaru sun ja baka da ƙarfin bin kwikwiyo yana cin takalma yana tashinka da dare, nemi wanda aka fara, ka tafi da wani da ya san karnukan ranar gwaji.

In kuma karen yana hannunka ya riga ya fara noƙewa in ya ji ƙara, ko yana kauce wa tsuntsu, dakatar da komai yau, kar ka ƙara harba ko ɗaya kusa da shi, ka nemi ƙwararren da ya taɓa gyara irin wannan, ka tambaye shi yadda zai yi kafin ka miƙa igiya.